ZIYARA ZUWA GANDUN DAJIN DA ƘASA KE TAFASA

Wannan shi ne jawabin da Editan wannan jarida ya yi wa ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci a wurin taronsu. Mun buga shi domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba. Ana roƙon malaman azuzuwa su karanta shi tare da ɗalibansu.



Muna gode wa Allah da Ya tara mu lafiya. An nemi in yi muku magana a kan ɗaya daga cikin abubuwan mamaki na duniya, domin wanda ya koyi karatu ya kamata ya san abin da ke bayan garinsu. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. To, yau za mu yi tafiya muna zaune a kan tabarminmu. Za mu je wani gandun daji a ƙasar Amurka inda ruwa ke tafasa ba a hura wuta ba, inda ƙasa ke feso ruwan zafi sama har ya wuce tsawon giginya. Za mu ga abin da ke haddasa haka, da yadda mai ziyara ya kamata ya kama kansa, da kuma abin da ya sami waɗanda suka ƙi jin gargaɗi.

MU FARA DA NA GIDA

Da yawa daga cikinku sun ji labarin ruwan Wikki da ke cikin dajin Yankari a Jihar Bauchi. Ruwa ne garai-garai da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, ya gangara zuwa kogin Gaji. Ko da rani, ko da damina, ko da tsakiyar hunturu, ɗuminsa ba ya canzawa. Masu awo sun ce digiri 31 ne. Zafin jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne. Kun ga ke nan ruwan Wikki bai kai zafin jikinmu ba, shi ya sa manya da yara ke shiga su yi wanka su fito lafiya.

Me ya ɗumama shi? Amsar ita ce, cikin ƙasa akwai zafi. Duk yadda ka ƙara nutsawa, haka zafin ke ƙaruwa. A yawancin wurare, kowace kilomita ɗaya da aka nutsa, zafi yakan ƙaru da wajen digiri 25 zuwa 30. Ruwan sama yakan tsotse cikin ƙasa, ya yi nisa, ya ɗauki ɗumi, sa'an nan ya sami kafa ya dawo sama. Wannan shi ne sirrin Wikki.

Ku riƙe wannan bayani da kyau. A wurin da za mu je yanzu, wutar ba ta da nisa da bayan ƙasa, saboda haka abin ya wuce ɗumi ya kai ga tafasa.

INA NE WANNAN WURI?

Sunansa Yelosuton. Sunan wani kogi ne da ya ratsa ta cikinsa, ma'anarsa dutse mai ruwan ɗorawa. Yana yammacin Amurka. Mafi yawansa a Jihar Wayomin yake, sai ɗan gefe a jihohin Montana da Aidaho. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 9,000, watau ya ninka dajin Yankari wajen sau huɗu. Wuri ne mai tudu ƙwarai, ya fi Jos bisa nesa ba kusa ba. Da hunturu dusar ƙanƙara takan rufe shi, har a rufe yawancin hanyoyin mota tun daga watan Nuwamba sai wajen Afrilu.

'Yan asalin ƙasar, waɗanda ake kira Jajayen Indiyawa, sun san wurin fiye da shekara 11,000. Suna farauta a ciki, suna fasa wani baƙin dutse mai kaifi kamar kwalba suna yin bakin kibiya da shi. Da Turawa mafarauta suka fara shiga suka komo da labarin ruwa mai tafasa da taɓo mai ɓalɓala, sai mutanen birane suka ɗauke su maƙaryata. A shekarar 1871 gwamnati ta aika da ƙungiyar masana a ƙarƙashin wani mai suna Hayden, tare da mai ɗaukar hoto da mai zane. Da aka nuna wa 'yan majalisa hotunan, gardama ta ƙare, gani ya kori ji. Ranar 1 ga Maris, 1872, Shugaba Grant ya sa hannu a dokar da ta keɓe wurin, ba a sayarwa, ba a mallaka wa wani, an bar shi don jama'a. Shi ne gandun daji na ƙasa na farko a Amurka. An yi wannan ne shekara 31 kafin Turawa su shiga Kano a 1903. A yanzu mutane fiye da miliyan 4 ke ziyartarsa kowace shekara.

TUKUNYA DA MURHU

Abu uku ne suka haɗu a wannan wuri: wuta, da ruwa, da tsagaggen dutse.

Wutar ita ce narkakken dutse da ke kwance kilomita kaɗan a ƙarƙashin gandun. Gaskiyar magana, tsakiyar gandun bakin wani ƙaton dutse ne mai aman wuta. Masana sun ce ya yi gagarumin amai sau uku, na ƙarshe fiye da shekara 600,000 da suka wuce. A wannan karon ƙasa ta rufta, ta bar wani kwari mai tsawon kilomita 72 da faɗin kilomita 48. Akwai na'urori da ke sauraren motsinsa dare da rana, kuma masu lura da su sun ce babu alamar zai sake irin wannan amai nan kusa.

Ruwan kuwa daga ruwan sama ne da dusar ƙanƙara da ke narkewa. Yakan bi tsagogin duwatsu ya gangara har ya iske duwatsun da wutar ta gasa. Tsagogin ba sa ƙarewa, domin ƙasar wurin takan yi 'yar girgiza fiye da sau dubu a shekara, ko da yake yawancinsu mutum ba ya ji.

Idan ruwan ya ɗauki zafi sai ya nemi hanyar dawowa sama. Yadda hanyar take, shi ke sa abin ya fito iri-iri. A cikin gandun akwai wurare fiye da 10,000 da zafin ƙasa ke fitowa. Mai ziyara zai ga iri huɗu.

Na farko, maɓuɓɓugar ruwan zafi. Hanyarta a buɗe take, ruwa yana tasowa a hankali ya taru kamar kududdufi, tururi na tashi a kansa.

Na biyu, ramin tururi. Ruwan kaɗan ne, zafin ya yi yawa, saboda haka kafin ya iso sama ya zama tururi. Sai ka ji yana huci kamar madambaci a kan wuta.

Na uku, tukunyar taɓo. Wannan in kin gan ta, uwargida, sai ki ce talge ne ke tafasa. Tana ɓalɓala, tana tsartuwa, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Warin na iskar farar wuta ne da ke fitowa daga ƙasa. Wannan iska takan rikiɗa ta zama ruwa mai cin abu irin ruwan batir, shi ne ke narkar da dutse ya mai da shi yumɓu.

Na huɗu shi ne sarkinsu, watau maɓuɓɓuga mai feshi, wadda Turawa ke kira giza. A Yelosuton akwai irinta fiye da 500, wajen rabin duk waɗanda ke duniya.

YADDA FESHIN KE FARUWA

Duk direba ko yaron mota da ke nan ya san cewa ba a buɗe murfin lagireto idan inji ya ɗauki zafi. Me ya sa? Domin ruwan da ke ciki ya wuce zafin tafasa, amma murfin ya danne shi ya hana shi tafasa. Da zarar an kwance murfin, sai ruwan ya zama tururi nan take, ya yi tsalle ya wanke wa mutum fuska. To, abin da ke faruwa ke nan a cikin maɓuɓɓuga mai feshi.

Hanyarta tana da maƙogwaro, watau wani wuri matsattse. Ruwa ya cika ramin. Na ƙasa yana shan wuta, na sama yana danne shi da nauyinsa kamar murfi. A wani wuri a gandun mai suna Noris, an taɓa haƙa rami mai zurfin mita 326, aka auna zafin digiri 237. Ku tuna, ruwan shayinmu a digiri 100 yake tafasa. Idan zafin ya kai maƙura, kumfar tururi takan taso ta cushe a maƙogwaron, ta tunkuɗo ruwan sama ya zube waje. Nauyi ya ragu ke nan, an buɗe murfi. Sai ruwan ƙasa ya zama tururi gaba ɗaya, ya yi wurgi da abin da ke kansa zuwa sama. In ramin ya zama fanko sai ya lafa, ruwa ya sake taruwa, a sake sabon lale.

TSOHO MAI CIKA ALKAWARI

Wadda ta fi suna ita ce wadda wasu matafiya suka laƙaba wa suna Old Faithful a shekarar 1870, ma'ana tsoho mai cika alkawari. Sun ba ta wannan suna ne domin ba ta saɓa lokacinta da yawa. Wajen kowace awa ɗaya da rabi takan yi feshi, dare da rana, rani da hunturu. Tsawon feshin yakan kai mita 40, wani lokaci har ya wuce mita 50. A ɗora doguwar giginya a kan wata, to, wajen haka. Yakan ɗauki minti ɗaya da rabi zuwa minti biyar. Ruwan da take zubarwa a feshi guda yakan kama daga lita 14,000 zuwa 32,000, watau babban feshinta ya kusa cika tankar man fetur.

Ga wani abin sha'awa ga masu koyon lissafi. Ma'aikatan gandun sukan riƙe agogo su auna tsawon feshin. In ya yi gajere, na gaba zai zo da wuri, bayan kamar awa ɗaya. In ya daɗe, ramin ya zube sosai, sai an jira kamar awa ɗaya da rabi. Sai su rubuta lokacin a kan allo, su ce a ƙara ko a rage minti goma. A cikin goma sukan dace sau tara. Ba duba ba ne, ba tsafi ba ne. Lura ce da rubutawa da lissafi. Wanda ya iya karanta allon sai ya je ya ci abincinsa ya dawo a kan kari. Wanda bai iya ba, sai ya zauna yana zuru, ko ya tashi ana saura minti biyar.

Akwai wadda ta fi ta tsawo, ana kiranta Steamboat, ita ce mafi tsawon feshi a duniya a yau, takan wuce mita 90. Amma ita ba ta da alkawari. Ta taɓa yin shekara 50 ba ta yi babban feshi ba, daga 1911 zuwa 1961. Sai ga shi a shekarar 2019 kaɗai ta yi sau 48.

TAFKI MAI LAUNIN BAKAN GIZO

Daga nan mai ziyara yakan wuce zuwa babbar maɓuɓɓugar da ake kira Grand Prismatic. Faɗinta ya wuce mita 110, ya fi tsawon filin ƙwallo. Tsakiyarta shuɗiya ce shar kamar an zuba baba. Daga gefe sai kore, sai ruwan ɗorawa, sai ruwan goro, sai ja-ja. Ba fenti aka zuba ba. Waɗansu ƙananan halittu ne da ido ba ya ganin ɗayansu, sun taru miliyan bisa miliyan sun yi shimfiɗa kamar gansakuka. Kowane iri yana da zafin da yake so. Tsakiya ta fi zafi, kusan ba mai iya zama. Yayin da ruwa ke hucewa zuwa gefe, kowane iri sai ya kama wurinsa da launinsa. Wanda ya san wannan, da ganin launi zai gane inda ya fi zafi.

Kada ku raina waɗannan halittu, domin amfaninsu ya iso har asibitocinmu. A shekarar 1966 wani malamin jami'a mai suna Thomas Brock tare da ɗalibinsa suka gano wata ƙwayar halitta da ke rayuwa a ruwa mai zafin digiri 70 a wannan gandu. Daga baya aka ciro wani sinadari daga jikinta wanda zafi ba ya lalata shi. Da irin wannan sinadari ne ake yin gwajin da ke gano ƙwayar cuta ko da kaɗan ce a cikin jini ko majina. Da wannan hanya aka riƙa gwajin cutar korona a 2020, da ita ake tabbatar da zazzaɓin Lasa, da ita na'urorin zamani ke gano tarin fuka. Da an bari an lalata wurin tun farko, da wa ya san abin da za a rasa?

INDA KYAU YAKE, NAN HAƊARI YAKE

Jama'a, yanzu mun zo kan babbar magana. Ruwan nan da ke da kyan gani kamar a shiga a yi wanka, yawancinsa a bakin tafasa yake. Saboda tudun wurin, ruwa yakan tafasa tun a digiri 93. Ruwa mai digiri 60 ma ya isa ya saɓule fata cikin daƙiƙa kaɗan. Wanda ya saba da Wikki ya ɗauka duk ruwan zafi haka yake, ya halaka kansa.

Haɗari na biyu ya fi na farko ɓoyuwa. Ƙasar da ke kewaye da maɓuɓɓugan fara ce fat, a ido kamar daɓe. Alhali a wurare da yawa ɓawo ne kawai, kamar ƙanzo a bakin tukunya, ƙarƙashinsa tafasasshen ruwa. Mutum ya taka, sai ta rufta da shi.

Saboda haka hukumar gandun ta shimfiɗa hanyoyin katako a inda aka tabbatar da ƙarfin ƙasa, ta kafa allunan gargaɗi da rubutu da hoto. Ga dokokin da mai ziyara zai karanta:

1. Kada ka sauka daga kan hanyar katako ko hanyar da aka shata.
2. Kada ka taɓa ruwan, ko da wanda ke malalowa ne a gefe.
3. An hana wanka ko jiƙa jiki a cikin maɓuɓɓugan.
4. Ka riƙe hannun yaronka. Ba gudu, ba ture-ture.
5. Ba a zuwa da kare ko wata dabbar gida wurin ruwan zafi.
6. Kada ka jefa kome a cikin ruwan.
7. In ka ji jiri ko numfashi na yi maka wuya saboda iskar wurin, ka bar wurin nan da nan.

Tun da aka buɗe gandun, mutane fiye da 20 sun rasa rayukansu ta hanyar ƙuna a wannan ruwa, ban da waɗanda suka tsira da tabo. A watan Yuli na 1981, karen wasu samari ya kufce ya faɗa wata maɓuɓɓuga. Mutane suna yi wa ɗayansu ihu kada ya bi shi, amma ya yi tsalle ya faɗa. An fito da shi duk jiki ya saɓule, kashegari ya cika. Karen ma bai tsira ba. A watan Yuni na 2016, wani saurayi ɗan shekara 23 ya bar hanyar katako a Noris tare da 'yar'uwarsa, suka yi tafiyar wajen mita 200 cikin wurin da aka hana. Ya sunkuya zai taɓa ruwan ya ji zafinsa, sai santsi ya kwashe shi. Masu ceto sun hango gawar, amma hadari da tsawa suka hana su ciro ta a ranar. Da suka koma kashegari ba su sami abin binnewa ba. Zafi da ruwan nan mai cin abu sun narkar da ita.

Ina so ku lura da abu guda. Waɗannan mutane ba jahilai ba ne. Sun yi makaranta, sun iya karatu, allunan kuma suna gabansu. Abin da suka rasa shi ne aiki da abin da suka karanta. In kunne ya ji, jiki ya tsira, amma sai in ƙafa ta bi abin da kunnen ya ji.

Dokar kuwa ba ta san babba ba. A 2021 kotu ta ɗaure wata mata kwana 7 saboda ta sauka daga hanyar katako. A 2024 an ci wani shahararren ɗan wasan fim tara saboda irin wannan laifi.

Ko wanda ya bi doka ma, ya zama a shirye. Ranar 23 ga Yuli, 2024, tururi ya fasa ƙasa a wani wuri mai suna Biscuit Basin, ya yi wurgi da duwatsu da baƙin taɓo sama, ya ragargaza hanyar katako. Mutanen da ke wurin suka ruga, Allah Ya kiyaye ba wanda ya ji rauni. Aka rufe wurin. Don haka in ma'aikaci ya ce an rufe hanya, kada a yi masa gardama.

Haka nan akwai namun daji. Akwai ɓaunar Amurka, wadda namijinta kan kai kilo 900. A ido kamar sa mai sanyin hali, amma ta fi mutum gudu sau uku, kuma takan soki masu matsowa ɗaukar hoto. Doka ta ce a ba ta tazarar mita 23. Kyarkeci da wata ƙatuwar dabba mai faratai da ake kira beya kuwa, mita 91, kusan tsawon filin ƙwallo.

SHI MA WURIN YANA TSORON MUTUM

Ba mutum kaɗai ke cutuwa ba. Akwai wata maɓuɓɓuga mai suna Morning Glory wadda a da shuɗiya ce shar. Shekara da shekaru baƙi suna jefa kwabbai da duwatsu da tarkace a cikinta, wai don neman sa'a. Tarkacen ya toshe maƙogwaronta, zafinta ya ragu, launinta ya juye ya koma kore da ruwan ɗorawa. An sha yashe ta, amma ba ta koma yadda take ba. A watan Satumba na 2018 wata maɓuɓɓuga mai suna Ear Spring ta yi wani babban feshi, ta amayo abin da aka daɗe ana ɗura mata: kwabbai, da gwangwanaye, da guntun bulo, har da robar tsotson jariri ta wajen shekarun 1930. Wanda ya jefa yana ganin kwabo ɗaya ba kome ba ne. Amma in mutum miliyan kowa ya ce haka, rijiya ta cike.

Wannan dalili ne ya sa aka hana haƙa rijiyoyin tururi a gandun. Zafin ƙasa dukiya ce. A nan Afirka, ƙasar Kenya tana samun wutar lantarki daga tururin ƙasa a wani wuri mai suna Olkariya tun 1981, kuma a yau kaso mai yawa na wutar ƙasar daga irin wannan tururi yake fitowa. Sai dai kowane amfani da kuɗinsa. A ƙasar Niyu Zilan, bayan an buɗe tashar lantarki ta Wairakei a 1958, maɓuɓɓugai masu feshi da ke kwarin kusa da ita suka mutu. Mutanen Amurka sun zaɓi su bar na Yelosuton yadda Allah Ya yi su, domin jikoki su gani.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

'Yan'uwa, mai yiwuwa yawancinmu ba za mu taka Yelosuton ba. Amma Wikki tana kusa, akwai kuma Ikogosi a Jihar Ekiti inda ruwan ɗumi da na sanyi ke haɗuwa. Wanda Allah Ya ba iko ya kai iyalinsa su gani. In kun je, ku karanta allon da ke bakin wurin, ku bi maganar ma'aikata, kada ku bar leda ko kwalba a ruwan. Duk ruwan da ba ku sani ba, ku tambaya kafin ku tsoma ƙafa, matambayi ba ya ɓata.

Allon gargaɗi kuma ba a gandun daji kaɗai yake ba. Yana jikin kwalbar maganin ƙwari da muke fesa wa wake da auduga. Yana jikin kwalin maganin da aka ba yaro a asibiti, inda aka rubuta cokali nawa, sau nawa. Yana jikin turakun lantarki da bakin gada. A da muna wucewa ba mu san abin da suke faɗa ba. Yanzu kun iya karantawa, hujja ta hau kanku. Ku karanta, ku yi aiki da shi, ku karanta wa maƙwabcin da bai shiga aji ba tukuna, sa'an nan ku jawo shi ya zo a rubuta sunansa.

Ina roƙon malamai, a darasi na gaba a sa kowane ɗalibi ya kwafi dokokin nan bakwai a littafinsa da hannunsa, ya kuma kawo gargaɗi ɗaya da ya karanta da kansa a gida ko a kasuwa ko a kan hanya.

 Allah Ya ƙara mana ilmi mai amfani, Ya ba mu ikon aiki da shi, Ya mai da kowa gidansa lafiya.